Wane maganin ciwo ya dace da tsoho, yaro, mai ciki da mai sikila?

Mai jinya da ya tsaya gaban kantar kemis da daddare, ya baro tsohuwarsa tana juyi da ciwon gwiwa ko ɗansa mai sikila yana kukan ƙashi, tambayarsa ba ta wuce ɗaya: wanne ya fi ƙarfi? Sau da yawa amsar ita ce ƙullin ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban, an ɓare su daga kwalinsu an zuba a 'yar leda, babu suna babu ranar lalacewa. Lafiyayyen saurayi da ya dawo daga gona a gajiye yana iya shan wannan haɗi ya kwana lafiya. Tsoho, jariri, mai juna biyu, mai sikila da mai ciwon ƙoda kuwa, a nan ne ake garin neman gira a rasa ido.

Kuskuren da aka fi yi a gidajenmu yana da fuska biyu. An raina farasitamol, wai maganin yara ne. Ana tsoron mofin, maganin ciwo mai ƙarfi da ake bayarwa a asibiti, wai sai wanda aka fid da rai da shi. Sai kowa ya taru a tsakiya, kan diklofenak da tramadol da allurar penta, alhali nan ne haɗarin ya fi yawa ga mai raunin jiki. A gefe guda kuma ga al'adar dauriya: dattijo ba ya faɗin ciwonsa gaban 'ya'ya, mai jego tana cije leɓe don kada a ce ta yi raki, jariri kuma ba shi da baki. Ciwon da aka bari ba magani yana hana barci da cin abinci, yana ɗaga hawan jini, yana kwantar da tsoho har gyambon kwanciya da ciwon huhu su same shi.

Abubuwan dubawa kafin zaɓi

Na farko, irin ciwon da tsananinsa. A ce wa mara lafiya ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10: 1 zuwa 3 mai sauƙi ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. Abin da ya faɗa shi za a ɗauka, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ba ya iya faɗa sai a karanci jikinsa. Jariri zai yi kukan da ba ya lallasuwa, ya ƙi nono, ya haɗe gira, ya naɗe ƙafafu. Tsohon da gigin tsufa ya kama zai riƙa nishi, ya ƙi abinci, ya kai duka idan aka zo juya shi ko yi masa wanka, sai a ce rigima ce, nan kuwa ƙugu ne ke ciwo. A kuma tambayi yadda ciwon yake: mai sara da nauyi ne kamar na gaɓa, ko mai zafi kamar barkono da tsira kamar allura? Na biyun na jijiya ne, maganinsa daban.

Na biyu, kuma shi ya fi komai nauyi, jikin da maganin zai shiga: shekaru, nauyi a kilo, lafiyar ƙoda da hanta, tarihin gyambon ciki, hawan jini, asma, farfaɗiya, juna biyu ko shayarwa, da sauran magungunan da ake sha kullum.

Sai kuma awa nawa maganin ke yi yana aiki, sauƙin samunsa da bayar da shi a gida, kuɗinsa (har da na mota da na mai yin allura), da girman ɓarnar idan aka yi kuskuren awo.

Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa tsarin hawa uku don ciwon daji (kansa): matakin farko irin su farasitamol da ibuprofen, na biyu irin su kodin da tramadol, na uku irin su mofin. Daga baya aka riƙa aro shi ga wasu cututtukan. Abin riƙewa a cikinsa: a ba da magani ta baki muddin mutum na iya haɗiya, a ba shi bisa agogo maimakon jiran sai ciwo ya taso, a hau mataki na gaba idan na ƙasa ya gaza.

Farasitamol

Shi ne mafi araha kuma ana samunsa ko'ina, ƙwaya ko na ruwa. Yana fara aiki cikin minti 30 zuwa awa ɗaya, ya ɗauki awa 4 zuwa 6. Ba ya cin ciki, ba ya taɓa ƙoda a awon da ya dace, shi ya sa yake zaɓin farko ga tsoho, mai ciki, mai shayarwa da yaro.

Babba yana shan miligiram 500 zuwa 1000 a lokaci guda, kada ya wuce 4000 cikin awa 24, wato ƙwaya takwas masu 500. Tsohon da ya rame ƙasa da kilo 50, mai ciwon hanta, mai shan barasa ko wanda yunwa ta ci jikinsa, kada ya wuce 3000, wani lokaci likita ya rage ƙasa da haka. Mafi yawan masu cewa ba ya yi musu aiki ƙwaya ɗaya suke sha sau ɗaya bayan ciwo ya kai maƙura. Ƙwaya biyu safe, rana da dare na kwana uku a jere wani abu ne daban.

Yaro da nauyinsa ake auna masa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, sau huɗu iyaka a awa 24. A ɗauki yaro mai kilo 12: 12 sau 15 ya ba da 180. Idan kwalbar ta ce akwai miligiram 120 a cikin mililita 5, rabonsa mililita 7.5. A zuƙo da sirinji marar allura, a ɗaga shi daidai ido a ga ruwan ya tsaya tsakanin 7 da 8, a zuba a gefen kumatu a hankali. Cokalin shayi na gida ba ma'auni ba ne, wani ya ɗauki mililita 3 wani 7. A duba kwalba kowane saye, don akwai mai ɗauke da 250 a mililita 5, wanda ya auna ta kamar ta farko ya ninka wa yaro magani. Jaririn da bai kai wata uku ba idan jikinsa ya yi zafi asibiti za a nufa da shi kai tsaye.

Haɗarinsa yana ga hanta, kuma mai ɓoyon kurwa ne. Wanda ya sha fiye da kima yana iya wuni garau, sai bayan kwana biyu ko uku ido ya yi rawaya. Akwai maganin karya shi a asibiti, ya fi amfani cikin awa 8 na farko, don haka ba a jiran alama. Hanyar da aka fi wuce awo ba tare da sani ba ita ce tara magunguna: na mura, na ciwon jiki, na gajiya, kowanne da farasitamol a ciki ƙarƙashin wani sunan kamfani.

Na ruwa kuma a saye shi inda aka amince, mai lambar NAFDAC. A 2008 zuwa 2009 yara 84 suka rasu a Najeriya sanadin maganin fitar haƙori na My Pikin, wanda aka haɗa da gurɓataccen sinadari mai kashe ƙoda.

Ibuprofen, diklofenak, piroksikam da asfirin

Dangi ɗaya ne. Suna rage kumburi, don haka sun fi farasitamol a ciwon haƙori, targaɗe, ciwon mara na al'ada da gaɓar da ta kumbura. Suna da araha, ibuprofen na ɗaukar awa 6 zuwa 8, diklofenak kusan haka, piroksikam kuwa kwana guda cur har ya zarce. Wannan daɗewar ce ta sa masu aikin ƙarfi ke sonsa, ita ce kuma ta sa ya fi sauran cin ciki, domin kafin na jiya ya fita na yau ya hau kansa.

Yadda suke ɓarna yana da sauƙin fahimta. Sinadarin da suke toshewa don kashe ciwo shi ne kuma yake shimfiɗa wa bangon ciki majinar da ke kare shi, shi ne yake buɗe hanyoyin jini zuwa ƙoda. Ƙodar saurayi tana da rara, ta jure. Ta ɗan shekara 70 ta riga ta rage aiki ko da bai taɓa jin komai ba. Ga misalin da ake gani kullum: dattijuwa mai hawan jini tana shan maganin hawan jini na lisinopril da ƙwayar sa fitsari, gwiwa ta matsa mata, jika ya sayo diklofenak, aka shiga azumi a tsakiyar bazara, ta sha da sahur ta wuni awa goma sha huɗu ba ruwa. Magani uku da ƙishirwa sun taru a kan ƙoda ɗaya. Bayan mako ƙafa ta kumbura, fitsari ya ragu, a ce sammu ne ko tsufa.

Waɗanda bai kamata su sha ba sai da izinin likita: mai gyambon ciki ko wanda ya taɓa aman jini, mai ciwon ƙoda, mai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki (diklofenak ya fi muni a nan), mai shan maganin tsinka jini, mai asmar da ke tashi da asfirin, da duk mai gudawa ko amai. Zazzaɓin da ake zargin Lassa ne ko denge, a nisanci dangin gaba ɗaya saboda zubar jini.

Mai ciki ta guje su daga mako na 20, domin suna rage ruwan da ɗan tayi ke kwance a ciki, daga mako na 30 kuma suna iya rufe wata jijiyar zuciyarsa kafin lokaci. Ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa wasu masu ciki don kare su daga jijjiga zance ne dabam, kada a daina shi. Bayan haihuwa ibuprofen ya halatta ga mai shayarwa, yana kuma taimakawa sosai ga ciwon ɗinki da murɗar mara.

Ga yaro, ibuprofen kaɗai ake amfani da shi a gida: miligiram 5 zuwa 10 ga kowane kilo, sau uku a rana, bayan ya ci wani abu. Mai kilo 12, da kwalba mai 100 a mililita 5, zai sha mililita 3 zuwa 6. Ba a ba jariri ƙasa da wata uku, ba a ba mai ƙarambau, ba a ba wanda gudawa ta tsotse. Asfirin haramun ne ga wanda bai kai shekara 16 ba, yana iya jawo wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta.

Idan dole tsoho ya sha, a zaɓi ibuprofen 200 zuwa 400, kada ya wuce 1200 a rana, na kwana uku zuwa biyar, da abinci da ruwa isasshe, likita ya haɗa masa da omeprazol don kare ciki. Ba a haɗa biyu daga dangin: ƙarfin bai ƙaru ba, haɗarin ne ya ninka. Baƙin bayan gida mai kama da kwalta alamar jini ce daga ciki, a tsaida maganin a tafi asibiti a ranar.

Na shafawa da dabarun da ba magani ba

Diklofenak na shafawa ya fi ƙwayarsa tsada, amma kaɗan ne daga cikinsa ke shiga jini, don haka ga gwiwa da yatsun tsoho ya fi ƙwayar dacewa nesa ba kusa ba. Ana shafa shi sau uku zuwa huɗu a rana kan fata marar rauni, a wanke hannu. Ba ya kaiwa ga ƙugu ko can cikin baya. Man zafi mai mentol ɗumama fata kawai yake yi, ba laifi ga babba, amma a nisanta shi daga hancin jariri.

Gashi da tawul mai ɗumi yana sassauta jijiya da ƙashin mai sikila. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta mutu kada a gasa masa sai wani ya gwada ruwan da gwiwar hannu, don zai ƙone bai ji ba. Mai ciwon gwiwa ya riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren, ya yi salla a kan kujera, a sama masa abin zama a makewayi maimakon tsuguno, ya riƙa miƙe ƙafa yana zaune yana ƙirga goma, sau goma safe da yamma. Jariri kuma a sa shi a nono lokacin da ake yi masa allurar rigakafi, kukan yana raguwa ƙwarai. Duk waɗannan kyauta ne.

Kwalaben gargajiya na sanyin ƙashi da ke kashe ciwo cikin awa ɗaya abin zargi ne. An sha samun irinsu da garin maganin bature a ciki, musamman deksametason, wanda kuma shi ne ƙaramar farar ƙwayar da ba ta rasa shiga haɗin kemis. Yana sa a ji garau, sannan ya kumbura fuska, ya ɗaga suga, ya rarake ƙashi. Wanda ya yi makonni yana shansa kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai sauke shi a hankali.

Tramadol da kodin

An ajiye su ne don matsakaicin ciwo, kuma sai da takardar likita. Lasisin kemis bai ba shi izinin sayar da su ba, sai famasi. Tramadol da hukuma ta amince da shi a Najeriya mai 50 ne da mai 100. Mai 200, 225 ko 250 da ke yawo a tasha kayan fasa-ƙwauri ne, babu mai tabbacin abin da ke cikinsa. Iyakar babba 400 a rana, wanda ya haura shekara 75 kada ya wuce 300, mai ciwon ƙoda ƙasa da haka.

Ga raunanan jiki ribarsa kaɗan ce. Yana sa tsoho jiri, amai da ruɗewa, ya tashi fitsarin dare ya faɗi ya karya ƙugu. Yana tada farfaɗiya, har ga wanda bai taɓa yi ba idan awon ya yi yawa ko aka haɗa shi da amitriptilin (maganin ciwon jijiya) da sauran magungunan damuwa. Yana iya sauke suga. Sabo da shi kuma kowa ya ga abin da ya yi wa matasa.

Kodin shi kansa ba ya kashe ciwo sai hanta ta juya shi zuwa mofin, kuma hantar mutane ta bambanta: wani ba ta juyawa sam, ya sha a banza, wani tana juyawa da sauri har numfashi ya tsaya. Babu mai gane wanne ne ta duban fuska. Saboda haka ba a ba yaro ƙasa da shekara 12 kodin ko tramadol, mai shayarwa ma ta guje su don suna bi ta nono. Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018.

Allurar pentazosin

Wannan ita ce allurar da ta fi yawa a ƙananan asibitoci, ana ce mata penta. Tana aiki cikin minti 15 zuwa 20, ta ɗauki awa 3 zuwa 4. Bayan tiyata ko karaya, na kwana ɗaya ko biyu inda babu wani abu, tana da ranarta. Matsalar tana ga maimaici. Ƙarfinta yana da rufi, ƙarin awo ba ya ƙara sauƙi sai ruɗewa da gane-gane, musamman ga tsofaffi. Tana rage aikin mofin idan aka haɗa su. Tana sa sabo da wuri, kuma wurin da ake yawan sokawa yana taurara kamar itace, ya fashe ya zama gyambon da ba ya warkewa. Likitocin jini a Najeriya sun san masu sikila da yawa da cinya da damtse suka sandare ta wannan hanya, mafarin kuwa wata allura ce da aka koya musu yi wa kansu a gida don gudun layin asibiti.

Imanin cewa allura ta fi ƙwaya ƙarfi ba shi da tushe ga mai iya haɗiya. Saurin minti ashirin ake saya da kuɗin ruwan allura, sirinji, ladan mai yi, da haɗarin ƙurji ko taɓa jijiyar ƙafa.

Mofin na sha

Ga ciwo mai maki 7 zuwa 10 da zai daɗe, kamar kansar da ta kai ƙashi, babu wanda ya kama ƙafarsa. Garinsa ba shi da tsada, ana dama shi ya zama na ruwa a famasin wasu manyan asibitocin koyarwa, galibi miligiram 5 a mililita 5. Tsadarsa tana ga hanya: sai an je babban asibiti, likita ya rubuta, a koma idan ya ƙare. Yuganda ta rage wannan wahala tun 2004, lokacin da ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi, har ya riƙa isa ƙauyuka.

Likita kan fara da miligiram 5 kowane awa 4, tsoho ko rarrauna 2.5, ya riƙa ƙarawa gwargwadon ciwon. Ba shi da rufi irin na penta, ba ya cin ciki, ba ya lalata ƙoda. Sai dai idan ƙodar ta riga ta lalace yana taruwa a jini, dole a rage awo a tsawaita tazara. Barci da tashin zuciya na kwanakin farko suna wucewa. Bushewar ciki ba ta wucewa, don haka ana fara maganin sakin ciki kamar bisakodil ranar da aka fara mofin, ba a jira sai an kwana biyar ba bayan gida. Alamar ya yi yawa: barcin da ba a iya tashin mutum, numfashi ƙasa da 10 a minti, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. A tsaida shi a garzaya asibiti, akwai allurar da ke karya shi nan take. Ba a haɗa shi da maganin barci irin diyazafam ko barasa, kwalbar kuma a kulle ta inda yara da samarin gida ba sa kaiwa.

Fargabar da iyalai ke yi ita ce yana gaggauta mutuwa. Abin da ke faruwa shi ne ana jinkirta shi har sai mara lafiya ya kai gargara, ya cika bayan kwana biyu, a ɗora wa maganin. Wanda aka fara wa da wuri yana yin watanni yana ci, yana salla, yana hira da jikoki. Mai shansa saboda ciwo na gaske ƙarƙashin kulawar likita da wuya ya zama ɗan ƙwaya, illa dai idan za a daina a sauke shi sannu a hankali.

| Magani | Kuɗi | Tsawon aiki | Samu da bayarwa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Farasitamol | Mafi araha | Awa 4 zuwa 6 | Ko'ina, a gida | Hanta, idan an wuce awo |
| Ibuprofen, diklofenak | Araha | Awa 6 zuwa 8 | Ko'ina, a gida | Ciki, ƙoda, zuciya, ɗan tayi |
| Piroksikam | Araha | Fiye da awa 24 | Ko'ina | Gyambon ciki da zubar jini |
| Diklofenak na shafawa | Matsakaici | Sau 3 zuwa 4 a rana | Famasi da kemis | Ƙaiƙayin fata |
| Tramadol, kodin | Matsakaici | Awa 4 zuwa 6 | Takardar likita | Jiri, farfaɗiya, sabo, numfashin yaro |
| Pentazosin | Tsada idan aka tara | Awa 3 zuwa 4 | Sai ma'aikacin lafiya | Sabo, gyambo, ruɗewa |
| Mofin na sha | Araha, hanya ce tsada | Awa 4 | Babban asibiti | Bushewar ciki, numfashi idan ya yi yawa |

Dukkansu ana so a ajiye su ƙasa da zafin digiri 30. Kantin kwano a watan Afrilu da farantin mai talla a rana sun wuce haka nesa, kuma ƙwayar da aka ɓare daga kwalinta ba ta da ranar lalacewa da za a duba.

Wa zai ɗauki wanne

Tsoho mai ciwon gwiwa ko baya: farasitamol bisa agogo, diklofenak na shafawa ga gwiwa, sanda da motsa ƙafa. Ƙwayar ibuprofen sai an auna hawan jini da aikin ƙoda, na 'yan kwanaki.

Mai ciwon suga da tafin ƙafarsa ke zafi kamar wuta da dare: duk na sama ba za su yi masa abin kirki ba. Likita kan rubuta amitriptilin 10 zuwa 25 da dare, ko gabapentin, kuma sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ga amfaninsu. Amitriptilin na busar da baki, yana iya riƙe wa dattijo fitsari.

Mai ciki: farasitamol, mafi ƙarancin da zai yi aiki, na ɗan lokaci. Ciwon kai mai tsanani bayan wata biyar, da kumburin fuska ko gani dishi-dishi, awon hawan jini yake nema a ranar, don share fagen jijjiga ne. Mai jego: farasitamol da ibuprofen tare.

Yaro: farasitamol ko ibuprofen da awon kilo. Idan da zazzaɓi a yi gwajin maleriya, saukar zafin jiki ba warkewa ba ce.

Mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki: farasitamol, idan ya gaza a koma wurin likita, a tsallake dangin diklofenak baki ɗaya.

Mai ciwon daji: da zarar farasitamol ya daina riƙe shi a tambayi likita kai tsaye ko asibitin na da mofin na sha ko sashen kula da masu doguwar jinya. Ba lallai ne a bi ta tramadol ba.

Mai sikila shi ne ya fi buƙatar tsari a rubuce, kasancewar Najeriya na haifar jarirai kusan 150,000 masu cutar a kowace shekara, kuma ciwon sikilar yakan taso da tsakar dare ko da sanyin hunturu. Da alamar farko a fara ruwa da yawa, a lulluɓe shi, a gasa da ɗumi (ƙanƙara na ƙara toshe jini), a ba shi farasitamol, a ƙara ibuprofen idan gwajin ƙodarsa na baya-bayan nan lafiya lau ne, na kwana uku zuwa biyar kawai. Idan awanni suka wuce ciwon na hawa, asibiti. Ƙa'idar da ƙwararru ke bi ita ce a ba shi magani mai ƙarfi cikin minti 30 zuwa 60 da isowarsa, kuma mofin ya fi penta. Wanda ke kallon agogo yana roƙon allura kafin lokaci, galibi awon da aka ba shi ne bai isa ba, kiransa ɗan ƙwaya na tura shi yi wa kansa a gida. Wanda ciwon ke tasar masa sau uku ko fiye a shekara a tambayi likitan jini batun haidroksiyuriya, tana rage yawan tashin. Zazzaɓi mai digiri 38.5, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ɗashewar tafin hannu da kumburin saifa, raunin ɓarin jiki, ko miƙewar gaba mai zafi da ta kai awa biyu, babu ɗayansu da ake jinya a gida.

Ga kowane rukuni kuma, ciwon kai da sandarewar wuya a lokacin zafi, ciwon ciki mai tsanani da cikin ya taurare, da ciwon ƙirji mai sauka hannun hagu da gumi, a ɗauki mara lafiya tare da kwalayen duk abin da ya sha cikin kwana biyun da suka wuce a nuna wa likita.